Bilbarekin okaziyo: tambayoyin da ake yawan yi kafin a biya kuɗi

Salamu alaikum 'yan uwa masu motoci, da direbobi da yaran garaji. Tambayoyin ga kusan kullum sai an yi min su nan Tawa, wani a bakin garaji wani ta WhatsApp da muryar minti biyar, shi ya sa na ce bari in tara su wuri guda. Maganar duk a kan bilbarekin ce, wanda in kun tsallaka Illela ko Sakkwato za ku ji ana ce mishi karanshaf, wato sandar ƙarfen nan mai gwiwoyi da ke kwance ƙasan moter, biyel (sandunan da ke saukowa daga piston) na riƙe da ita, ita ke maida hawa da saukar piston ya zama juyawa. Sabo na asali tsada gare shi, don haka yawancinmu na okaziyo, wanda anka taɓa aiki da shi, muke saye, kuma nan ne ake cin mutane ko kuma mutum ya ci kanshi.

Maigida, in na diba da ido na ga yana ƙyalli sumul, ba shi ke nan ba?

A'a. Ido da hannu aikinsu su ce maka kar ka saya, ba su da ikon ce maka saya. In ka ga tsaga ko ƙuna to an gama magana, aje shi ka ɗauki wani. Amma in ba ka ga komi ba, ba a fara ba tukuna, don cin da ke kashe moter bai kai kaurin gashin kai ba. Gashi kusan 0,05 zuwa 0,10 mm ne, shi ko wuyan bilbarekin, wato wurin nan mai santsi da ke juyawa, a moter da yawa in ya kauce da abin da ya wuce 0,02 mm, abin da muke ce ma santiyem biyu, littafin kamfani ya ce ya hita daga ƙa'ida. Wane ido ne zai ga wannan? Kuma ƙyallin ma kar shi ruɗe ka, mai sayarwa na iya bi da takardar gogewa mai laushi da ɗan gazuwal, cikin minti goma ƙarfen da ya sha wuya ya koma kamar jiya anka kawo shi.

To mi zan fara dibawa a wurin mai kayan, tun ban kai ga awo ba?

Ka ce a hiddo shi waje cikin haske, kar ka yarda da dibawa cikin duhun shago. A wanke shi da gazuwal ko kananzir a share da tsumma mai tsabta. Sannan ka bi wuyoyin ɗaya bayan ɗaya, na paliye waɗanda ke zaune jikin bulok, da na biyel waɗanda ke kan gwiwoyin. Ka ja farce a kan kowane, a tsallake ba bin zagaye ba. In farcenka ya wuce bai ji komi ba madalla, in ya kama layi yana tsayawa to wurin ya ci kuma gogewa kaɗai ba za ta hidda shi ba, sai an kai rektifiye, wato a sassaƙe wuyan da injin.

Ka diba launi. Wuyan da ya yi shuɗi, ko baƙi-baƙi, ko ruwan ƙasa kamar an gasa shi, wannan kusine, wato ɓawon ƙarfen nan mai laushi da wuya ke juyawa cikinshi, ya taɓa ƙonewa ko ya juya a kanshi, mai ya yanke ƙarfe ya ci ƙarfe. Irin wanga ko an sassaƙe shi ya yi kyau taurin ƙarfen na iya tahiya, kuma sau da yawa zafin nan na lanƙwasa shi ko ya bar tsaga ƙanana. Ni dai ba na saye, ko da an rage min rabin kuɗi.

Sai ƙananan wuraren da mutane ke mantawa don hankalinsu na kan wuyoyi. Inda juwan sipi, zoben robar nan mai tare mai, ke zama gaba da baya, in leɓen roba ya tona rami zagaye to ka san moter ɗinka zai dinga ɗigon mai ko ka sa sabon juwan. Ramin kilabet, ɗan ƙarfen da ke kulle puli da piniyo (faifan nan mai haƙora) a gaba inda suke zama, in ya faɗaɗa ko gefenshi ya karye, kalaj, wato daidaiton lokacin wutar moter, ba zai zauna ba. Ramukan bulon na bolan, babban faifan ƙarfen nan mai nauyi da ke a baya, ka sa bulo da hannu ka ji ko zaren na da rai. Da ramin bulon puli na gaba shi ma.

Tsatsa fa? Yawancin na kasuwa duk da tsatsa suke

Tsatsa iri biyu ce. Akwai ta sama-sama wadda in ka goga da tsumma da mai ta tahi, wannan ba komi. Akwai wadda ta ci ta bar ƙananan ramuka a kan wuya, ta kayan da sunka kwana cikin ruwan damina ko sunka daɗe bakin teku a Lome ko Kwatano kafin su iso. Ramukan nan a inda kusine ke gudu ba su da kyau, a kusurwar wuya kuma sun fi muni don daga nan tsaga ke farawa.

Ana cewa a rataye shi a buga da guduma a ji ƙara, gaskiya ne?

Akwai gaskiya ciki amma ba duka ba. A rataye shi da igiya ko waya, ba ya taɓa ƙasa, babu piniyo ko wani abu ɗaure jikinshi, a ɗan ƙwanƙwasa jikin nauyin da ke gefe da ƙaramar guduma, ba kan wuya ba don Allah. Mai lafiya yakan yi ƙara mai tsawo tana ta kaɗawa, mai babbar tsaga sai ka ji ƙwas ta mutu nan take. Matsalar ita ce ƙarfen da anka zuba a narke dama can ƙararshi ba ta kai ta wanda anka ƙera da bugu ba, sai mutum ya ƙi mai lafiya. Kuma ƙaramar tsaga ba ta hana shi yin ƙara mai daɗi, sai mutum ya sayi mai ciwo. In kana son gane wane iri ne a hannunka ka diba layin haɗi a jikin da ba a sassaƙe ba, na zubi layin siriri ne, na ƙira layin na da faɗi.

To ƙaƙa ake gane tsaga in ido ba ya gani?

Hanya mafi tabbas ita ce ta maganaɗisu, a sa ƙarfen ya zama maganaɗisu a zuba garin ƙarfe ko ruwa mai ɗauke da shi, sai garin ya taru daidai kan layin tsagar. Ba kowane atiliye ke da na'urar ba. Ta biyu ita ce gwangwanayen feshi guda uku, na wanki da jan ruwa mai shiga tsaga da farin da ke jawo shi waje. Ta uku wadda kowa ke iyawa ko a ƙauye, tsohuwar dabara ce, a jiƙa shi da kananzir a bar shi ya sha, a share sarai ya bushe a sama, a shafa garin alli irin na lakkwal, a ɗan ƙwanƙwasa a jira. In akwai tsaga kananzir ɗin da ya ɓoye ciki zai hito ya zana layi a kan allin. Ba ta kama 'yan mitsi-mitsi amma ta fi babu nesa ba kusa ba.

Inda za ka sa ido shi ne kusurwar da wuya ya haɗu da kumatun gwiwa, wurin nan da ke da ɗan lanƙwasa, da kuma bakin ramukan mai. Kusan duk bilbarekin da ya karye daga ɗayan biyun nan ya fara. Wanda ya tsage kuma babu gyara, ban yarda da walda a nan ba ko wa ya yi ta.

Wane abin awo ake bukata? Ina da piye a kulis

Piye a kulis ɗinka, ma'aunin nan mai baki biyu da ake ja yana zamewa, zai gaya maka ko bilbarekin na wanga moter ne ko na wani, iyakarshi ke nan. Awon ci sai palmer, ma'aunin nan da ake murɗawa ya kama ƙarfe, mai karanta santiyem, kuma girman da ya dace, don kowane palmer tazarar 25 mm yake aunawa, na 25 zuwa 50, na 50 zuwa 75, haka. Yawancin motocinmu biyun nan sun isa. Kafin a fara a gwada shi da sandar gwajin da ke cikin akwatinshi a ga ya tsaya kan sifili, kuma a matsa da ɗan kan nan mai ƙaras-ƙaras, ba a murɗe shi da ƙarfi kamar ana ɗaure bulo ba.

Ga wani abu da ya shafe mu nan ƙasar zafi wanda ba a cika faɗa ba. Ƙarfe na buɗewa da zafi. Lambobin littafi a kan digiri 20 anka rubuta su. In palmer da bilbarekin zafinsu ɗaya ne ba matsala sosai don tare suke buɗewa. Amma in ƙarfen ya wuni cikin ranar watan Afrilu har ba ka iya riƙe shi, palmer kuma ya hito daga akwati cikin inuwa, bambancin digiri 20 tsakaninsu a wuya mai 60 mm na ƙara fiye da santiyem guda, wato mai ci ya auna kamar lafiyayye. A kai shi inuwa ya huce tukuna, a sha shayi a dawo.

Ƙaƙa ake awon kanshi?

Kowane wuya ana auna shi aƙalla sau huɗu. Gefen gaba sau biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, gefen baya ma haka, ana kauce ma ramin mai da kusurwa. A rubuta duka a takarda, kar a ce za a riƙe a kai, moter mai silinda huɗu yawanci paliye biyar ne da wuyan biyel huɗu, irin 1HZ na Land Cruiser mai silinda shida paliye bakwai ne da biyel shida, lambobin sun yi yawa.

Abu uku kake nema cikin lambobin. Na farko girman kanshi, ko yana cikin abin da kamfani ya rubuta. Na biyu bambancin tsaye da kwance a wuri guda, shi ke nuna wuyan ya daina zama da'ira ya koma kamar ƙwai, abin da masu rektifiye ke ce ma obal. Wuyan biyel shi ya fi yin haka don bugun wuta kullum gefe guda yake sauka. Na uku bambancin gaba da baya, wato gefe ɗaya ya fi ɗaya siranta, wanda sau da yawa biyel mai lanƙwasa ke jawowa. A tsoffin dizal na Toyota da sunka cika hanyoyinmu iyakar biyun nan 0,02 mm ce. Don ku samu abin kamawa, 3L da 5L na Hilux da Hiace paliye kusan 62 mm ne wuyan biyel 55, 1HZ kuma 67 da 59. Ainihin lambar da santiyem ɗinta sai a littafin moter ɗin, kar ka ɗauki ta wani moter ka liƙa ma naka.

Mai kaya ya rantse kot sitanda ne, wato girman asali na kamfani, ba a taɓa sassaƙa shi ba. In yarda?

Ka girmama rantsuwarshi ka kuma auna, wataƙila shi ma haka anka gaya mishi. In ya zo da tsoffin kusine ka juya bayansu, galibi an buga STD ko 0,25 ko 0,50. Wasu masu rektifiye na buga lambar a jikin nauyin gaba. Amma palmer shi ke raba gardama, wuyan da ya kamata ya ba 62,00 in ya ba 61,75 an taɓa cire kot guda. Kuma ka auna paliye daban biyel daban, don ana sassaƙa ɗaya a bar ɗaya.

In an taɓa rektifiye shi, ya lalace ke nan?

Ba dole ba. Wanda anka sassaƙa 0,25 da kyau ya fi sitanda mai obal. Kusine na zuwa 0,25 da 0,50, wasu moter har 0,75 da 1,00, amma kafin ka yarda a taɓa ƙarfen ka tabbata kusinen wannan kot ɗin na samuwa kuma na kirki, har ma ka saye su ka kai ma mai injin tare, don in an sassaƙe ba a maidawa. Akwai kuma waɗanda taurinsu fata ce kawai a sama, siririya ƙwarai, sassaƙa na cinye ta a bar ƙarfe mai laushi, irinsu kamfani kan hana rektifiye ko ya ce sai an sake taurara su. Ka tambaya kafin.

Abin da ni ke dibawa a aikin mai rektifiye shi ne kusurwar nan. In dutsen injin ya yanke lanƙwasar ya bar kusurwa mai kaifi, bilbarekin zai yi kyau a ido, awo ma zai ba daidai, amma an buɗe ma karaya ƙofa, musamman a dizal mai ɗaukar lodi irin masu bin hanyar Abalak da Agadas. Kuma kuɗin wanda ke kan kot na ƙarshe bai kamata ya yi kusa da na sitanda ba, don shi daga wannan sai ferai, wato tarin tsohon ƙarfe.

Lanƙwasa fa, ana ganewa?

Ana ganewa da komparater, agogon nan mai allura. A ɗora wuyan paliye na farko da na ƙarshe a kan ƙarahuna biyu masu bakin V, a sa kan agogon a paliye na tsakiya, a juya a hankali a ga iya inda allura ke kaiwa da komowa. A Toyota ɗin da na ambata iyaka 0,06 mm ce. In babu V sai a kifa bulok, a sa rabin kusine na farko da na ƙarshe kaɗai da ɗan mai, a ɗora a auna tsakiya. In babu agogon ma gaba ɗaya, to lokacin haɗawa a ɗaure paliye duka da ƙarfin da littafi ya ce, da mai, ba biyel ba juwan, a juya da hannu. Ya kamata ya juya sumul ko'ina ɗaya. In yana sakewa nan yana kamawa can akwai magana, ko shi ko bulok ɗin. Kar wanda ya ce maka zai saki in moter ya yi zafi.

Mota na motsa puli gaba da baya in na taka ambireyaj, daga bilbarekin ne?

Wasan tsawo ke nan, kal ɗin gefe, siraran ƙarahunan da ke hana bilbarekin yin gaba da baya, sun ci, kuma mai yiwuwa sun ci fuskar bilbarekin inda suke gogawa. Direban da ke aje ƙafa kan ambireyaj cikin cunkoso, irin masu taksi a Yamai, shi ya fi gamuwa da wanga. A na okaziyo ka shafa fuskar nan da yatsa ka ji ko ta yi rami ko mataki. Bayan an haɗa da sabbin kal a tura shi gaba da baya da turnabis a auna, a moter da yawa 0,04 zuwa 0,25 mm ne, iyaka 0,30.

Mi ne ne zaren nan da ake sawa cikin kusine?

Plastigage. Zaren roba ne mai laushi da ake ɗorawa kan wuya busasshe, a rufe da kusine a ɗaure da kile mai auna ƙarfin ɗauri, kar a juya ko kaɗan, a kwance a gwada faɗin da ya baje da ma'aunin da ke jikin takardarshi. Shi ke ba ka sararin da mai zai zauna. Koren na auna 0,025 zuwa 0,076 mm, jan 0,051 zuwa 0,152. A ƙananan motoci sararin kan kama tsakanin santiyem biyu da shida, in ya doshi 0,10 to fitilar mai za ta fara ƙifta maka ido in moter ya yi zafi a ralanti, wato yana aiki ba a taka totur ba. Yana da amfani ƙwarai a matsayin gwajin ƙarshe, amma ba ya maye gurbin palmer don wuri guda kawai yake nuna maka.

Lambar moter ɗaya ce, ke nan kowane zai shiga?

Ka tahi da tsohon naka kasuwa ka jera su gefe da gefe. 2L da 3L kamar 'yan gida guda suke amma tahiyar piston 92 mm ce a na farko, 96 a na biyu. A motocin da ke da kwamfuta kuma ka ƙirga haƙoran da kaptar, 'yar na'urar da ke gaya ma kwamfuta juyin moter, ke karantawa in suna jikin bilbarekin, ka ga ko akwai wanda ya lanƙwashe, don in sun bambanta moter ba zai tashi ba ko ya tashi yana tari. Ka diba yawan ramukan bolan da ramin baya inda kan sandar buwat, wato akwatin giya, ke shiga, na otomatik da na mai ambireyaj ba kullum suke ɗaya ba.

Na babur fa, mu 'yan kabu-kabu?

Naku daban ne, a yawancin ƙananan babura guntaye ne anka matse da biyel a ciki, kuma ƙananan rulma ke ƙasan biyel ba kusine ba. Ka riƙe biyel ka ja sama da ƙasa, bai kamata ka ji wasa ko kaɗan ba. Ɗan motsi na gefe dama akwai shi. Ka juya rulman gefe biyu ka saurara, in suna gurnani a canza.

Na sa wanda anka auna lafiya lau, wata biyu ya sake bugawa. Laifin wa?

Kafin ka koma ka yi faɗa da mai kaya, ka tambayi makanikenka abin da ya kashe na farkon, don in ba a gano shi ba shi ne ya kashe na biyu. An wanke ramukan mai na cikin bilbarekin da buroshi da iska, musamman bayan rektifiye inda garin dutse ke maƙalewa ciki? An wanke hanyoyin mai na bulok, da karter, kaskon man da ke ƙasan moter, da rariyar pompo? Pompon man kanshi an diba shi? In moter na da abin sanyaya mai, garin tsohon kusine na kwance cikinshi yana jiran sabo. Biyel ɗin da kusine ya juya a cikinta an auna bakinta ko an maida ta haka nan? Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi yawa a abin da ni ke gani, ana jin ƙyashin kuɗin biyel guda a yi asarar aikin duka. Sai kuma abin da ke hannun mai mota, filtar iska da ta huje ko ba ta zauna daidai ba lokacin hunturu da ƙura, man da ba a san asalinshi ba na bakin hanya, bidanj da ake ɗagawa sai an samu sarari, da injekter mai zuba gazuwal yana tsinka mai.

Ƙaƙa zan yi da mai kaya in ya ƙi a auna?

Ku yi maganar tun kafin kuɗi su hita aljihu, gaban shaida: Alhaji zan kai a auna, in ya hita daga ƙa'ida ko an ga tsaga zan maido ka canza min ko ka maida min kuɗina, kwana kaza. Ka sa alama da fenti ko ka ɗauki hoton lambar jikinshi don kar gardama ta tashi a kan ko shi ne. In daga Yamai ko Konni za a saka maka shi a mota, ka sa wani naka can ya kai a auna a turo maka hoton takardar awon, a shafe wuyoyin da giris a naɗe da kwali da tsumma, don cikin but tare da sauran ƙarahuna hanya kaɗai na iya yi mishi tabon da bai taso da shi ba. Wanda ya ce kayanshi ba a aunawa kuma ba a maidowa, ka yi mishi godiya ka wuce shago na gaba.